Neman kalma: me za mu kira "hydraulic lifter" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa, musamman makanikai da direbobi. Akwai wani ɗan ƙarfe a injin mota da Bature ke kira hydraulic lifter. Ina so mu tsayar masa da suna ɗaya, domin rashin sunan yana jawo wa masu mota asarar kuɗi.

A gareji kowa "tafet" yake cewa. Mota ta fara ƙas-ƙas-ƙas daga saman inji, sai a ce tafet ne, a kawo a yi seti. To amma tafet iri biyu ne, kuma ba magani ɗaya ke yi musu ba.

Kamshaf, wato sandan ƙarfe mai ƙulle-ƙulle da ke juyawa a cikin inji, shi ne ke tura bawul (murfin ƙofar da iska ke shiga silinda ko hayaƙi ke fita) ya buɗe, tafet kuma a tsakaninsu yake. Ƙarfe kuwa yana miƙewa in ya ɗau zafi, shi ya sa a tsofaffin injuna irin na Peugeot 504 ake barin ɗan giɓi a tsakani, bakanike ya auna shi da fila geji ya ɗaure. Wannan shi ne setin tafet na asali, kuma injunan Honda da yawa har yau haka ake musu.

Na biyun, wato hydraulic lifter ɗin, daban yake. A cikinsa akwai ɗan fistin, da sifirin, da 'yar ƙwallo mai hana mai komawa baya. Famfon mai zai cika shi da baƙin mai, ya yi tauri, ya rufe giɓin da kansa, inji na sanyi ko na zafi. Ba sabon abu ba ne, tun 1930 Cadillac ta sa irinsa a injinta mai silinda 16. Ka cika sirinji da ruwa ka toshe bakinsa, ba zai dannu ba. In iska ta shiga, sai ya lotsa. Haka yake. Da zarar mai ya yi ƙasa, ko datti ya toshe 'yar ƙofar da man ke shiga, ko man ya yi kumfa saboda an zuba ya wuce layi, sai ya saki, ƙarfe ya fara bugun ƙarfe.

An ba ni shawarar "maɗagin bawul". Hausar ta yi, sai dai bai raba shi da ɗan'uwansa ba, kuma a injunan yanzu da yawa ba ya ɗaga komai, zama yake a ƙarƙashin roka, wato ɗan hannun ƙarfen da ke danna bawul, yana tokare ta. An kuma ce "matashin bawul". Wannan ban yarda da shi ba sam, don matashi laushi gare shi, shi kuwa ranar da ya yi laushi ranar ya lalace. "Matokari" ya fi kusa da gaskiya, amma wa zai shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa ko Panteka ya ce a ba shi matokari a gane?

Ra'ayina, a bar "tafet" tunda ya riga ya zauna a bakin mutane, a ƙara masa abin da ke rarrabewa: "tafet na seti" da "tafet na baƙin mai". Ban ce "na mai" kawai ba, kada a ɗauka fetur ake nufi.

Amfanin sunan shi ne yana nuna wa mai mota inda zai fara dubawa. Ya zaro geji ya ga yawan man da launinsa. Ya canja mai da filta, ya zuba lambar da littafin motar ya ce. Injin da aka yi wa 5W-30, in aka ɗura masa 20W-50 mai kauri wai don a rufe masa baki, man zai yi jinkirin isa sama da safe. Ƙarar 'yan daƙiƙu a tashin farko ba abin tsoro ba ce. Wadda ta ƙi tafiya bayan inji ya yi zafi kuma an sa sabon mai, wannan tafet ɗin ya gaji, sauyi yake so tun bai cinye kamshaf ba. In kuwa bugun mai nauyi ne daga ƙasa, ga fitilar mai ta kama, a kashe motar nan take, wannan ba tafet ba ne.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, inda sunayen kayan mota da yawa daga Faransanci suka fito, don Allah ku faɗa mana yadda kuke kiransa a garejinku kafin mu tsayar da magana.