Ƙwayoyin jijiyar zomon teku suna mutuwa a hannuna, a ina nake kuskure?

'Yar Gwale, Jidda:

Assalamu alaikum. Yayye da malamai, kuka na kawo. Wata huɗu ke nan ina aiki da Aplysia californica, zomon tekun nan mai kama da katantanwa marar gida, a ɗakin bincikenmu da ke gaɓar Bahar Maliya. Burina in ga tafin tsiron jijiya da ransa, wato can bakin jijiya inda take bajewa kamar tafin hannu da yatsu tana laluben hanya, in ɗauki bidiyonsa yana motsi.

Ga yadda nake yi. Ina yi wa dabbar allurar magnesiyam kuloraid har ta saki jiki, in buɗe ta, in yanko ƙullin jijiya na ciki. In jiƙa shi a Dispase, sinadarin da yake tausasa fatar ƙullin, ya kwana a kan tebur, awa 15 zuwa 16. Da safe in ɓare fatarsa, in fito da ƙwayoyin jaka, wani rukunin ƙwayoyin jijiya da ke jikin ƙullin, in ɗora su ɗaya bayan ɗaya a kan siririn gilashin da na shafa wa foli-laisin don su manne, cikin ruwan renon ƙwayoyi na L15 da na haɗa da ruwan teku tacacce, sannan in kai inkubeta mai digiri 14. Washegari sai in tarar duk sun yamutse kamar zabibi. Cikin talatin da ƙyar biyu su fitar da tsiro, shi ma siriri kamar zare, babu tafi.

Daga Miami ake kawo mana dabbobin, kuma saura shida. Duk wadda na yanka ban samu komai ba abin yana tsaya min a wuya, rai ne na ɗauka. Don Allah wanda ya taɓa wannan aiki ya taimaka.

Ɗan Zazzau, Riyad:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kwantar da hankalinki, shekara biyu na yi a kan waɗannan ƙwayoyin a Amurka, na san wannan baƙin cikin da safe.

Kin ce ruwan teku tacacce. Na wane teku? In daga famfon gininku kike ɗiba, to na Bahar Maliya ne, kuma ni nan na fi zargi. Mu ba ma taɓa haɗa L15 da ruwan teku na gaske. Gishirin muke aunawa da kanmu mu zuba: sodiyam kuloraid, magnesiyam, kalsiyam, da HEPES mai daidaita tsamin ruwa, mu kai pH, wato ma'aunin tsamin, wajen 7.9, mu sa jentamaisin saboda ƙwayoyin cuta. Sai osmomita, na'urar auna yawan gishirin da ya narke a ruwa, ta nuna tsakanin 950 da 1,000 kafin ruwan ya taɓa ƙwaya. In gishirin waje ya fi na cikin ƙwayar yawa, ruwan jikinta zai tsiyaye, ga zabibinki nan.

Sannan awa 15 ɗin nan ta Dispase, lissafinta a kan digiri 22 aka yi. Ajiye ma'aunin zafi kusa da kwalbar ki duba da asuba. Gine-gine da yawa a ƙasar nan ana rage musu esi da dare, in ɗakin ya haura to ƙullin ya narke fiye da kima, ƙwayoyin sun jigata tun kafin ki taɓa su.

Abin da ya fi ɗaukar min lokaci kafin in gane kuwa shi ne hannu. Kowace ƙwayar jaka tana fitowa da ɗan guntun wutsiya, ragowar jijiyarta. Kada ki tsinke shi. Daga wannan kututturen tafi mafi faɗi yake tohowa. Ki zuƙe ta a hankali da fifet, siririn bututun zuƙar ruwa, mai faɗin baki, ki sauke ta kamar kina ajiye ƙwai a kan tire, sannan ki bar faifan a wurin awa biyu ba motsi kafin ki ɗauka. Ni da nakan yi sauri in kai inkubeta, girgizar tafiyar kaɗai tana ɓalle su daga gilashi. Gilashin ma a wanke shi da asid, a ɗauraye foli-laisin sosai, ragowarsa a cikin ruwa guba ce.

Ɗan Mai Wurno, Yanbu:

Malam ya faɗi gaskiya a kan ruwan. A Fot Sudan na tashi, nazarin halittun teku na karanta. Gishirin Bahar Maliya yana kai gram 40 a lita, na yawancin tekuna kuwa wajen 35 ne, domin babu wani babban kogi da yake zuba a cikinsa, ga rana tana ƙafar da shi. Dabbar gaɓar Kalifoniya ba ta saba da wannan ba, ki duba ruwan tankin da suke ciki ma.

'Yar uwa, tunda saura shida, me zai hana ki koyi ɓare ƙullin a kan zomayen tekunmu na nan? Muna yara muna tsintarsu a ruwa marar zurfi, ka taɓa su su feso tawada shuɗiya mai ja-ja, ƙwansu a nannaɗe a jikin duwatsu kamar taliyar Hausa. Sai dai ki nemi izini tukuna.

Uwar Biyu, Madina:

Ni ma'aikaciyar jinya ce, ban san aikinku ba, amma ina bin zancen. Me ya sa sai katantanwa? Ba ɓera ya fi kusa da mutum ba?

Ɗan Zazzau, Riyad:

Hajiya, girman ne. Tafin tsiron wannan dabbar ya ninka na ɓera sau da yawa, ga shi shimfiɗe fayau, ana ganin cikinsa. Cajal, masanin jijiya ɗan Sifen, ya fara bayyana tafin tsiron jijiya a 1890 a jikin ɗan tayin kaza, a matacciyar laka. A kan ƙwayoyin jakar nan ne Forscher da Smith suka nuna a 1988 yadda zaren aktin, furotin da ke cikin tafin, yake kwarara daga baki zuwa baya, maikiromita 3 zuwa 6 a minti. Injin da yake tura jijiyar ɗan adam iri ɗaya ne, shi ya sa masu neman yadda lakar da ta tsinke za ta sake tohowa suke kallonsa. Da wannan dabbar kuma Eric Kandel ya yi aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2000.

'Yar Gwale, Jidda:

Yaya, Allah ya saka da alheri, ya ji ƙan mahaifa. Na auna ruwana, 1,140 ya nuna. Ma'aunin zafin da na bari a tebur kuma 27 na tarar da asuba. Na zubar da tsohon ruwan na haɗa sabo, ƙullin kuma ya kwana a akwatin da na saita a 22.

Jiya da la'asar na ɗora faifan a maikiroskof. Ƙwayoyi goma sha ɗaya sun toho. Akwai ɗaya da tafinta ya baje kamar mafici, yatsun a jere a gefe, ɗaya ya miƙe ya taɓa gilashi ya janye, wani ya fito a gefensa. Da na hanzarta bidiyon sai ga layukan aktin suna gangarowa baya ba tsayawa, kamar ruwa a kan kwano. Ban san lokacin da na ce Subhanallah da ƙarfi ba, har abokiyar aikina ta leƙo.

Sai dai bayan minti arba'in a ƙarƙashin fitila gefen tafin ya fara tattarewa. Ina zaton ruwan ne yake ƙafewa, don iskar esin ɗakin a bushe take. Yaya, rufe faifan kuke yi da man basilin, ko sabon ruwa kuke ta zuba masa a hankali?