Neman shawara: mai bibiyar kasafin kuɗi ya tafi, aiki ya tsaya cik

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu aikin ƙungiyoyin sa-kai a Kaduna.

Ƙungiyarmu tana bibiyar kuɗin gyaran asibitocin matakin farko a Igabi da Chikun. Takardu ba su ne matsalar ba, muna da rajistar CAC (hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi) da shaidar SCUML (sashen yaƙi da halasta kuɗin haram). Matsalar ita ce mutum ɗaya ne ya iya karanta kasafin kuɗi. Shi ya san lambar kowane aiki, shi ke kwatanta abin da aka ware da abin da aka saki a rahoton kowane wata uku, kuma lambobin wayar jami'an duk a wayarsa suke. Albashinsa daga tallafin shekara ɗaya yake fitowa. Da tallafin ya ƙare sai ya kama gabansa, fayilolin ma suna kwamfutarsa.

Yanzu idan muka rubuta takardar neman bayani bisa dokar 'yancin samun bayanai (FOI) ta 2011, kwana 7 ɗin da dokar ta ba hukuma ta amsa ya wuce shiru, babu wanda ya san yadda za a kai maganar kotu cikin kwana 30. Kafin mu farga, Majalisar Dokoki ta gama zama kan kasafin.

Don Allah, ta yaya kuke biyan albashin irin wannan ma'aikaci idan mai ba da tallafi ya ƙi ɗaukar kuɗin gudanarwa? Kuɗin wata-wata na mambobi ba ya ma isa biyan hayar ofis. Kuma horar da mutum biyu a ciki ya fi, ko shiga gamayyar ƙungiyoyi a raba ƙwararre ɗaya? Wanda ya gwada gamayya, wa ke riƙe bayanan idan an samu saɓani?