Neman shawara: yaya zan kai tayoyin tsere huɗu fili da mota mai kujera biyu?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Motata Mazda MX-5 ce, samfurin da ya fito a 2015, mai rufin tamfol. Na samo rim huɗu masu inci 17, an ɗaura musu tayoyi masu laushin roba, na shiga filin tsere kawai. But ɗin motar lita 130 ne kacal, da na sa jak da akwatin sifanu da hular kwano ya cika. Filin kuma tafiyar awa uku ce. Tunanina in ɗora taya biyu a kujerar mai zaman banza, biyu in ɗaure su a kan murfin but. Masu irin wannan mota, ku ya kuke yi?

Tsohon bakanike: Wa'alaikumus salam ɗana. Wannan tunanin ka ajiye shi. Rim mai inci 17 da tayarsa zai kai kilo 18 zuwa 20, huɗu ke nan kusan kilo 80. Murfin but falle ne, zai lotsa, kuma nauyin ya koma sama, ya toshe maka madubin baya. Na kujera sun fi ba ni tsoro. An yi bel ne don ya riƙe jikin mutum, taya zamewa take yi a cikinsa, in ka taka burki da ƙarfi ko wani ya buge ka ta gefe, kanka za ta nufa. Ga jakar iska a gabanta, in ta fashe ta ƙara ingizo ta.

Abin da na ga ya zaunar da masu irin motarka shi ne 'yar ƙaramar tirela mai ƙafa biyu. Tayoyin su jeru a tsaye, a zura ƙarfe ta tsakiyar rim ɗin a sa kwaɗo, akwatin kayan aiki ya zauna a gaba. Da ka isa fili ka kwance ta, ka zare ƙugiyar jan tirelar daga bayan mota, shi ke nan.

Mai Subaru BRZ: Ko kuma ka sake mota, Malam. Tun da aka fito da BRZ da 'yar uwarta Toyota 86 a 2012, ɗaya daga cikin abin da kamfanonin ke tallata su da shi ke nan: a kwantar da kujerun baya, taya huɗu su shige. Ni haka nake yi, sai dai kowace taya ina sa ta a jaka, don ƙurar burki in ta kama kushin ba ta fita.

Mai tambaya: Oga, shawarar taka ta fi tayoyin tsada. Baba, na gode. Amma littafin motar ya ce ba a yi ta don jan tirela ba. Ba zan jawo wa kaina matsala ba?

Tsohon bakanike: Ka yi daidai da ka karanta. Tirelar da kayanta gaba ɗaya da wuya su wuce kilo 200 ko 250, inji da burki ba za su sha wahala sosai ba, shi ya sa mutane da yawa ke yi. Inda gizo ke saƙar shi ne takarda. A wasu ƙasashen, musamman na Turai, motar da kamfani bai rubuta mata nauyin ja ba, doka ba ta yarda a jawo komai da ita. A Amurka an fi sassauci, ana sayar da ƙugiyar da aka ƙera daidai motar, mai bakin inci ɗaya da kwata. Ka tambayi masu inshorarka da ofishin lamba kafin ka kashe ko sisi, har da batun ko tirelar na buƙatar lambarta. In an amince, ƙugiyar a jikin shasi za a ɗaure ta da notuna, ban yarda da mai walda ya manna ta a bamba ba.

Hajiya mai Porsche Cayman: Ƙanena, bari in ƙara a kan maganar Baba, don lodin tirelar shi ne aikin. Kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta ya kamata ya danna a kan ƙugiya. In ka tura kaya baya har bakinta ya yi sakayau, da ka ɗauki gudu za ta fara kaɗa wutsiya, gajeriyar mota kuwa ba ta da tsawon da za ta danne wannan rawar. Ka nemi mai taya inci 12, ka bar masu inci 8, domin ƙaramar taya ta fi juyawa a gudu ɗaya, boris ɗinta ya yi ta ɗaukar zafi. Ka cika shi da giris kafin tafiya, duk inda ka tsaya ka ɗora hannu a kai ka ji. Sarƙoƙin tsaro biyu a gitta su a ƙarƙashin ƙugiya, fitilun burki da sigina a gwada su kafin a tashi, kuma ita ma tirelar tana son safayarta.

Ribas kuwa kada ka wahalar da kanka. Gajeriyar tirela nan take take naɗewa, ba ka ma hango ta a madubi. Ka sauka ka kwance ta ka tura da hannu.

Ɗan sabon shiga: To wancan kwandon ƙarfe da ake sokawa a ƙugiya fa, marar ƙafa? Ai ya fi sauƙi.

Hajiya mai Cayman: Ya fi sauƙin ajiyewa a gida, iyakarsa ke nan. Duk kilo 80 ɗin da nauyin kwandon a kan ƙugiyar suke rataye, nesa da tayoyin baya, kowane gargada sai ya girgiza su. Gaban mota ya yi sauƙi, sitiyari ya rage kamu, ga salansa na hura wa roba zafi tsawon awa uku. Taya biyu zan iya runtse ido, huɗu a'a.

Mai koyar da tuƙin fili: Kowa ya tafi neman inda za a sa tayoyi, ba wanda ya tambaye ka wane iri ne. In masu lambar ci 200 ne, wato lambar da ake bugawa a gefen taya don nuna saurin cinyewarta, waɗanda ke da zane kuma doka ta yarda su hau titi, ɗaura su a gida ka tuƙa abinka zuwa fili, yawancin masu koyo haka suke yi. In marasa zane ne ko masu ɗan zane kaɗan, dole a ɗauke su, don ba sa korar ruwa, kuma duk zafi da sanyin da robar ta sha a hanya yana ƙara mata tauri. Amfanin tirela ɗaya da ba na musu a kai: in ka cinye taya ko ka yi faci a fili, kana da waɗanda za su mayar da kai gida.

Mai tambaya: Masu ɗan zane kaɗan ne, Malam, kuma gefensu akwai kibiya.

Mai koyar da tuƙin fili: To tirela ce ta kama ka. Kibiyar na nuna inda tayar ke juyawa, ka sa alli ka rubuta wa kowace gurbinta kafin ka loda. Ka tabbatar jak ɗinka gajere ne da zai shiga ƙarƙashin motar, ka tafi da sifana mai auna ƙarfin ɗauri da gejin iska. Bayan zagayen farko, in rim ya huce, ka sake bin notunan ɗaya bayan ɗaya.