Wanda bai taɓa sa kaki ba, zai iya rubuta labarin soja?

Fati, Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya na gama littafi na uku na marubuciyar nan tamu ta Zangon Kumasi. Na farkon na aljanu ne, na biyu na soyayya, wannan kuma na sojan Ghana da aka tura Laberiya lokacin yaƙin basasa a 1990 ya bar amaryarsa a bariki. Ni dai har hawaye na zubar. Sai na ji wai Kawu Saje ya ce wanda bai taɓa sa kaki ba, bai kamata ya rubuta labarin soja ba. Kawu, don Allah mene ne dalili?

Kawu Saje, Asawase: Wa alaikumus salam 'yata. Ni na faɗa, kuma ina nan kan bakana. Na aljanun na ji daɗinsa, don ba wanda ya je birninsu ya dawo, balle ya ce mata ba haka ƙofarsa take ba. Na soyayyar ma ba ni da ta cewa. Amma Laberiya, mu da muka je muna nan da ranmu. A babi na 9 ta sa kofur, mai igiya biyu, yana daka wa kyaftin tsawa a gaban yara, kuma ya kwana lafiya. A babi na 12 soja ya zaro waya daga aljihu yana kiran matarsa daga Monrovia. A 1990? Mu da jirgin ruwa ya sauke mu can cikin watan Agusta, ƙarƙashin Janar Arnold Quainoo, wasiƙa muke jira. Tawa ta farko sai da ta yi makonni kafin ta iso hannuna. Na yi ta buɗewa ina ninkewa har ta tsage a wurin ninkin, na naɗe ta a leda na sa a aljihun ƙirji saboda ruwan sama. Wanda ya ɗanɗani wannan jiran ba zai ba soja waya ba.

Malam Sani, Sabon Zango: Kawu, Allah ya ƙara girma. Kuskuren nan biyu na yarda da su. Hukuncin ne ban yarda da shi ba. Bello Kagara malami ne, ba soja ba, amma shi ya rubuta Ganɗoki da aka buga a 1934, inda jarumin ya gwabza da Turawa, daga baya labarin ya faɗa duniyar aljanu. Yaƙi da almara cikin littafi ɗaya, tun wancan zamanin. A nan ƙasarmu Ghana ma Alhaji Umaru na Kete-Krachi ya yi waƙa kan zuwan Nasara, shi ma da alƙalami aka san shi, ba da bindiga ba.

Kawu Saje: Malam, waɗannan sun rayu cikin abin, sun zauna da waɗanda suka gani da idonsu.

Malam Sani: To ka ga ashe ba kaki ne sharaɗin ba, tambaya ce.

Abdul, Kejetia: Iyayena ku yi haƙuri, mu fa ba ruwanmu da igiya biyu ko uku. Ina shago, in ciniki ya lafa sai in buɗe waya in karanta babi ɗaya. In labari ya riƙe ni, ya biya ni. Ai ba littafin tarihi ta ce ta rubuta ba.

Kawu Saje: Abdul, kai ne ma abin da nake tsoro. An haife ka bayan an gama yaƙin. Abin da ka karanta ɗin nan shi zai zauna maka a ka, gobe ka faɗa wa ɗanka haka aka yi. Kullum kana wuce tsohuwar ganuwar nan ta Adum inda gidan tarihin soja yake, ka taɓa leƙawa? Akwai waɗanda muka tafi tare da ba su dawo ba. Ba na son a ba da labarinsu a karkace.

Abdul: Gaskiya ban taɓa shiga ba, Kawu.

Hajiya Rabi, Aboabo: Tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba. Saje, kai ka ga Monrovia, ni kuma na ga barikin Uaddara. Lokacin da aka tura maigidana Labanan, Allah ya ji ƙansa, ina da goyo da tsohon ciki. Ku duba babi na 14, inda amarya take tsaka da tuƙa tuwo ta ji mota ta tsaya a ƙofa, gwiwoyinta suka saki, ta kasa leƙawa don kada a ce saƙon mutuwa aka kawo. Wallahi haka muke yi, duk layin namu. Mota in ta tsaya a lokacin da ba a saba ba, sai ka ji gidaje sun yi tsit. Muna tara yara a gaban rakoda mu ɗauki muryarsu a kaset, mu ba mai tafiya ya kai. Yarinyar nan ba ta sa kaki ba, ba ta auri soja ba, amma wannan babin sai da na ajiye waya na yi kuka. In ka hana ta rubutu, wa zai ba da labarinmu? Ku maza da kuka dawo, shekara nawa ke nan, ko shafi ɗaya ba ku rubuta mana ba.

Kawu Saje: Hajiya, Allah ya gafarta wa maigida. Wannan maganar ta taɓa ni, kuma ɓangaren mata na sallama mata shi, ta fi ni saninsa. Amma na fagen daga ban janye ba.

Fati: Kawu, marubuciyar tana cikinmu, tana karanta komai. Ta turo min saƙo yanzu, ta ce ba a kai littafin ɗab'i ba tukuna, kuma kunya ce ta hana ta tunkarar ka tun farko.

Kawu Saje: Ta zo da takarda da biro. Bayan la'asar ina zaune a bencin ƙofar masallacinmu kullum. Daga babi na 9 za mu fara.

Hajiya Rabi: In ta tashi daga wurinka ta biyo ta gidana. Kaset ɗaya na nan cikin akwatina, wanda maigidana ya aiko mana da muryarsa.