Shawarwari kan mai shan giya da ya fito daga ɗakin kulawa ta musamman

Mun tattauna da wasu ma'aikatan jinya da 'yan uwan majinyata a nan Kaduna, kuma bakinsu ya zo ɗaya: kada a sallami mutum ba a yi masa zancen giya ba. Wanda ya kwana kan injin numfashi ya farfaɗo, a lokacin ne zuciyarsa ta fi laushi. Idan ya koma majalisa cikin abokai, shi ke nan, zance ya sha ruwa.

Sun ce a samu wanda yake jin maganarsa, kawu ko yaya, ya zauna bakin gado su yi magana a asirce, ba gori, ba faɗa. Abin da ya fi damuna shi ne yadda iyali ke ɓoye wa likita saboda kunya. Wanda ya saba sha kullum, idan ya daina kwatsam, rawar jiki na iya kama shi cikin awa 6 zuwa 24, wani har da jijjiga, sannan ruɗewa da gane-gane bayan kwana 2 zuwa 3. Wannan na iya kisa. Sai likita ya sani zai ba shi maganin da ya dace da bitamin B1.

Kafin sallama a karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, a tsayar da rana, a samu mai raka shi. A kwashe kwalabe da ledojin giya daga ɗakinsa. Idan ya koma sha, a sake kai shi asibiti.