Ina neman shawara kan ƙawata tsohon gida da tsofaffin kaya da kuma na hannu

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan katako kuma suka san lungunan kasuwannin Kano. Ni da maigidana za mu tare a wani tsohon gida marar bene a unguwar Nasarawa, irin ginin ma'aikatan gwamnati na shekarun 1960, mai ɗakuna uku da falo da doguwar baranda. Daɓensa tarazo ne, wato siminti mai tsakuwar marmara da aka goge ya yi santsi, tagoginsa masu gilashin luba, silin ɗinsa kuma yana da tsayi sosai. Duk wanda ya leƙo sai ya ce mu fasa tarazon mu shimfiɗa tayil, mu sayo saitin kujerun Turkiyya, ni kuwa raina ya fi kwanciya da kayan da suka yi sa'a da gidan, ga shi kuma kuɗin sababbin ya fi ƙarfinmu a yanzu. Ina ake samun tsofaffin kujeru da kabad da gadaje nagari a garin nan, yaya ake rabe mai kyau da wanda ya gama yayi, kuma yaya zan haɗa su ba tare da falon ya koma kamar rumfar 'yan gwangwan ba? Ba zan ɓoye muku ba, ina kuma shakkar bakin dangi idan suka ji cewa kayan hannu ne, wato waɗanda wasu suka riga suka yi amfani da su.

Tsohon Kafinta:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya sanya alheri. Ra'ayinki yana kan hanya, domin yawancin kujerun katako da aka yi a wancan zamani da maɗaci ko loko ko ƙawo aka yi su, alhali da yawa daga cikin kayan da ke ƙyalli a shagunan yau dusar katako ce aka matse da gam aka lulluɓe da leda, wadda damina ɗaya za ta kumbura ta idan ruwa ya taɓa gindinta. Sai dai tsufa kaɗai ba ya sa kaya ya zama nagari, don haka kada ki sayi komai sai kin sa an kifar da shi kin ga cikinsa.

Abin da za ki fara nema shi ne sawun gara da na ƙwaron katako. Gara takan cinye ciki ta bar fatar waje lafiya lau, shi ya sa ake ƙwanƙwasa ƙafar kujera da bayan makulli: katako mai rai yana amsawa da ƙarfi, wanda aka cinye kuwa sautinsa holoƙo ne, wani lokaci ma za ki ga jar ƙasa a manne a lungun haɗi. Ƙwaro kuma yana barin ƙananan huji da gari mai laushi a ƙarƙashin kayan, kuma idan garin sabo ne mai haske, to yana nan ciki yana aiki. Bayan haka ki duba haɗin. A aikin mutanen da, sassaƙa katako ake yi a cusa shi cikin ɗan'uwansa, saboda haka ko ya yi sako-sako, kafinta zai zare shi ya sa gam ya mayar, amma kujerar da aka yi ta dankara wa ƙusa har katakon ya tsage, ki bar wa mai ita abarsa. Ki ja kowace durowa har ƙarshe, ki kuma tuna cewa katako yana tsukewa da hunturu ya kumbura da damina, don haka durowar da ke cijewa a watan Janairu ba za ta buɗu ba a watan Agusta.

Game da wurin saye, ki fara da Ƙofar Ruwa, inda ake samun tsofaffin ƙofofi da tagogi da ƙarafa daga gidajen da aka rushe, sannan ki bi kafintocin da ke kusa da 'Yan Katako a Na'ibawa, domin mutane kan kai musu tsofaffin kaya gyara ko musaya. Ki tafi da naki kafintan, ki biya shi kuɗin yininsa, kuma ki karɓi rasit mai ɗauke da sunan wanda ya sayar miki, saboda kayan sata ma ta hanyar kayan hannu suke bi. Soson kujera da yadinta kuwa a yage su gaba ɗaya tun a wurin kafinta, a goge katakon da samfefa, a shafa masa maganin gara irin Solignum ta ciki da ƙasa, a bar shi ya sha iska kafin ya shiga gida. Tsohuwar katifa ba abar saye ba ce ko da kyauta aka ba ki, saboda kuɗin cizo.

Dattijuwar Gwale:

'Yata, Malam ya gama maganar katako, ni ta mata zan yi miki. Kafin ki taka kasuwa ki fara zagaya ɗakunan iyaye da kakanni, domin da wuya a rasa gidan da ba a jibge kwalla da samira da tasoshin tagulla da adaka a ƙarƙashin gado ko a ɗakin ajiya ba, tun daga lokacin da kabad mai gilashi da tangaran suka kori tsohon jere. Amma ki roƙa da baki ko ki saya da kuɗi, kuma idan kayan mamaci ne da ba a raba gado ba, kada ki ɗauki ko murfin langa sai magada sun yarda, don irin wannan ƙaramin abu ne ke ɓata zumunci shekara da shekaru. Bayan dangi sai dillalai mata na cikin gari. Su ne suka san wadda za ta sayar da gadon ƙarfe mai rumfa ko keken ɗinki Singer don ta yi wa 'yarta kayan ɗaki, kuma abin da ke hannunsu sau da yawa ba ya isa kasuwa.

Sauran kayan ƙawa ki je Kasuwar Kurmi, wadda tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, take ci. A can za ki samu tumtum na fata da faifai da akushi da ƙwarya mai zane da saƙi. Ki sani dai wasu 'yan kasuwar sun saba da baƙi masu yawon buɗe ido, sukan kira sabon abu tsoho su ɗora masa kuɗi, saboda haka ki taya da sanyin rai. Tagulla da jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka ake wanke ta, a ɗauraye a tsane nan take. Idan za ki yi labule ko rigar filo da yadin da aka rina a marinar Ƙofar Mata, ki wanke shi shi kaɗai har ruwan ya daina yin shuɗi, in ba haka ba baba zai zuba a farin bango da rigar baƙo.

Tsoron da kike yi na falon ya cushe, maganinsa rage hannu. Kwalla biyar masu launi ɗaya a kan kanta sun fi talatin da aka baza ko'ina, kuma kowane abu ya zama yana da aikin yi: adaka ta zama teburin tsakiya tana ɗauke da barguna a cikinta, randa ta zauna a baranda da ruwan sanyi a ciki, asabari ya tare rana ta yamma. Ki tuna da ƙurar hunturu, domin ke ce za ki riƙa goge su. Idan kin samu sarari ki shiga Gidan Ɗan Hausa, tsohon ginin ƙasa da aka mayar gidan tarihi, tunda ma kusa da ku yake, ki ga yadda bango mai kauri da kaya kaɗan suke ba ɗaki kwarjini. Maganar dangi kuwa za a yi ta, amma waɗanda za su fara cewa gwanjo ne, su ne za su dawo suna tambayar inda kika samo.

Injiniya Ɗan Fagge:

Hajiya, ni a ganina kin fara daga ƙarshe, domin ginin ya kamata a duba kafin a yi maganar kujera. Gidaje da yawa na wancan lokaci silin ɗinsu na asbestos ne, wanda ba ya cutarwa muddin yana nan lafiya a rufe da fenti, amma idan aka yanka shi ko aka huda ko aka kankare, ƙurarsa tana shiga huhu ta haddasa ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Saboda haka kada a bar mai sa fanka ya fasa shi yadda ya ga dama. Wayoyin wuta ma a sa ƙwararre ya duba, domin an ja su ne tun ba a san da na'urar sanyaya ɗaki da firji biyu a gida ɗaya ba, haka nan duk tsohuwar fitila ko fankar da kika sayo a canza mata waya.

Ina kuma da gyara kan maganar Malam Kafinta game da samfefa. Idan katakon banish ne kawai a jikinsa, babu laifi, amma idan tsohon fentin mai ne, musamman a gadon ƙarfe da ƙofofi da tagogi, yana iya ɗauke da dalma, wadda ita ce gubar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake a can daga dutsen zinariya ta fito. Kina da ƙananan yara, don haka a yi aikin nesa da gida, a jiƙa fentin kafin a kankare, mai aikin ya rufe hancinsa, kuma kada a sa yaro a gadon da fentinsa ke ɓarewa. Tarazonki kuma kada ki yarda a fasa shi. Akwai masu injin goge shi a garin nan, kuma kuɗin gogewar bai kai na tayil da siminti da leburori ba. Abin da tarazo yake ƙi shi ne ruwan asid ɗin da ake wanke bayan gida da shi, domin yana cinye tsakuwar marmara da ke cikinsa ya bar ta da ramuka, ruwa da ɗan sabulu sun wadatar.

Tsohon Kafinta:

Injiniya ya yi gaskiya kan fentin, na karɓa. Abin da zan ƙara, Hajiya, shi ne ki auna faɗin ƙofofinki da tsawon bangon da ke tsakanin tagogi, ki riƙe awon a jaka duk lokacin da za ki fita, saboda tsofaffin kabad da yawa ba a kwance su, kuma mai sayarwa ba zai karɓa ba idan kin kai gida ya ƙi shiga. Ki sa a yi feshin gara a gindin bango kafin damina ta sauka, sannan duk abin katako ki janye shi daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu.