Ina amfani da Tor, amma gwaji ya ce zanen yatsar burauzata ya fita daban

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina amfani da Tor, hanyar sadarwar da ke ɓoye inda mutum yake shiga intanet. A waya ina kunna Orbot, manhajar da ke bi da waya ta Tor, sannan in buɗe Chrome. A kwamfuta kuma Tor Browser ne, na ƙara masa manhajar toshe talla. Na gwada su a Cover Your Tracks, shafin gwajin zanen yatsar burauza (bayanan da shafi ke haɗawa ya gane ta) na ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet ta EFF, duka biyun aka ce ana iya ware su daga sauran burauzoji. Me zan gyara?

Injiniya: Wa alaikumus salam. Malam, Orbot adireshin IP, wato lambar da na'urarka ke fita da ita a intanet, kawai yake ɓoyewa. Chrome na nan tana miƙa wa shafi girman allonka, yankin lokaci, harshe, da yadda na'urarka ke zana hoto ta canvas da WebGL, hanyoyin zane na burauza. In an haɗa waɗannan, an gane ka ko ba kuki, wato ɗan bayanin da shafi ke ajiyewa a burauzarka. A binciken EFF na 2010, kusan kashi 84 cikin ɗari na burauzoji sama da 470,000 babu mai kama da su. Ka sauke Tor Browser na Android.

Malama: Ka cire mai toshe tallan. Dabarar Tor Browser ita ce kowa ya fito da kama ɗaya: agogo a UTC (lokacin bai-ɗaya na duniya), haruffa iri ɗaya, canvas a rufe sai ka ba da izini. Shafi na iya lura da abin da ka toshe, nan take ka bambanta da jama'a. NoScript, mai toshe lambobin da shafi ke gudanarwa, da Tor Browser ya zo da shi ya wadatar. Kada ka taɓa about:config, shafin saitunan ciki na burauza. Gefen nan da ke kewaye shafi idan ka faɗaɗa taga ba matsala ba ne, da gangan aka sa shi tun siga ta 9.0 a 2019, don ya dunƙule girman tagar kada a san ainihin allonka. Mutane na kashe shi don kwalliya, ganganci ne.

Injiniya: Ƙari kan maganar Malama: a alamar garkuwa ta Tor Browser ka zaɓi matakin tsaro na Safer. Matakin Safest na kashe JavaScript, lambobin da shafi ke gudanarwa a burauzarka, gaba ɗaya, inda yawancin tattara bayanan ke gudana, sai dai shafuka da dama za su ƙi aiki. In Tor Browser ya tambaye ka ko ya riƙa neman shafuka da Turanci, ka amince.

Mai tambaya: To gadoji fa, wato ɓoyayyun hanyoyin shiga Tor, irin su Snowflake?

Malama: Aikinsu daban. Suna ɓoye wa kamfanin intanet ɗinka cewa Tor kake amfani da shi, ba ruwansu da abin da shafi ke gani. Kuma in za ka sauya abin da kake yi a intanet, New Identity za ka danna a Tor Browser, shi ke share kuki. New Circuit hanya kawai yake canjawa, kuki na nan.